Turmin Bayan Asibiti

Abin da na fara lura da shi ranar da mota ta sauke mu a asibiti a Anka shi ne ba a jin ƙarar daka. Hantsi ne, lokacin da a ƙauyenmu turmin kowane gida ke amsa wa na maƙwabta, amma a nan ga mata birjik a baranda da 'ya'ya a cinya, babu mai riƙe da taɓarya. Hannuwansu na kwance a kan gwiwa. Takalmansu na jere a bakin ƙofa da busasshiyar jar laka, wasu ma ƙafar dama daban, ta hagu daban, alamar an fito a gaggauce. Yaran ba sa kuka sosai. Wani nishi suke yi ƙasa-ƙasa.

Mu uku muka zo: ni, Inna, da ƙanwata autarmu, mai shekara biyu da 'yan watanni. Ina aji shida na firamare a lokacin. A shekarar ne mazan ƙauyenmu suka riƙa kawo duwatsu daga rami a buhuna, saboda akwai zinari a ciki. Injin niƙa ɗaya ne, layi ya yi tsawo, sai aka koma dakawa a gida. Mata suka daka dutse a turamen da suke daka hatsi. Ba a jima ba yara suka fara amai, daga amai sai jijjiga, wasu daga nan sai makabarta. Baƙin likitoci suka zo suka ɗebi jini da ƙasar tsakar gida, suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen. Auta ta yi jijjiga sau biyu. Bayan ta biyun ta daina magana, har "Inna" da ta iya faɗa ta daina. Baba ya ce in bi su, ko don wanki da ɗebo ruwa.

Tun ranar farko aka gaya mana ba fita sai Auta ta cika kwanakin maganinta, an sake ɗibar jininta an ga gubar ta ragu. Ko da an bar mu ma babu inda za mu. Ana can ana kankare ƙasar gidajen ƙauyen ana zuba sabuwa, rafi kuma ya cika ya yanke hanya. Duniyarmu ta koma ɗakin jinya, baranda, famfo, da wata bishiyar dalbejiya guda. Ƙofa ɗaya ce, da mai gadi a kan benci. A bayan katanga akwai makaranta. Kullum da safe ina jin gangarsu ta fareti, sai in hau wani bulo in yi ɗage, amma kan tuta kawai nake hangowa. Na zo da littafina na rubutu guda ɗaya. Cikin kwana uku na karanta shi daga bango zuwa bango har na haddace inda malam ya yi jan biro. Daga nan sai na koma ƙirga ƙadangarun da ke bin katanga. Akwai wani mai guntun wutsiya da ke hayewa ya faɗa wancan ɓangaren duk sanda ya ga dama, na riƙa jin haushinsa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye muddin da wata hanya. Haka ake yi a wajenmu, kunya ce. In tana son ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Randar ga ta yi ƙasa," ni kuma in ɗauki bokiti. In na yi laifi, kaji take gaya wa. Wuri ɗaya ne take sakin baki a kaina, bakin turmi. Tana daka tana ƙaga waƙa, ta saka kowa a ciki: Baba da hularsa da ta ƙi mutuwa, akuyar maƙwabta mai satar dusa, da ni.

"Wata na nan bakin ƙofa,
ba ta magana, ido take,
ta ƙirga kajin maƙwabta,
ta bar mini tuwo ya ƙone."

Nakan sunkuyar da kai ina tsintar wake kamar ban ji ba, amma washegari ina maimaita ta a zuci har ƙofar aji. Auta kuwa turmi ne ya yi renonta. A bayan Inna take, taɓarya ta sauka ta yi ƙasa, ta tashi ta yi sama. A haka take barci, a haka take farkawa, a haka Inna ke miƙa mata ɗan dunƙulen fura ta gefen haƙarƙari, ta karɓa ta ci, ba a tsayar da daka ba.

Masu kankare ƙasa sun tattara duk turmin da ya taɓa dutse sun tafi da shi. Namu na ciki. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara yin waƙa ba. A asibiti wuni take zaune da bayanta jingine da bango, Auta a cinya, tana kora mata ƙuda. Sau ɗaya na ji ta buɗe cikinta, ga matar da ke tabarmar kusa da tamu, tana zaton barci nake. Ta ce, "Tana bayana nad daka dutsen. Ina waƙa, tana shaƙa." Matar ta ce ai kowa ya daka, ba wanda ya sani.

Maganin sau biyu ake ba da shi, da hantsi da bayan azahar. Ƙwaya ce da ake buɗewa a zazzage garin cikin cokalin zuma, warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ko zumar ba ta iya rufe shi. Wata malamar jinya ce ke zagayawa da shi a faranti, doguwa, mai Hausa irin ta rediyo, kowa na kiranta Malama. Wasu yaran sukan yi kuka su haɗiye. Auta ba ta kuka. Haƙora take datsewa, in an samu an zura cokalin sai ta riƙe a kunci, ta jira an juya, ta bar shi ya zubo ta gefen baki. Malama ta hana ɗure, ta ce yana iya bi ta maƙogwaron iska. Ta gwada lallashi, ta gwada tafi, har wayarta ta kunna mata waƙoƙi masu kiɗan fiyano. Sauran yara suka taso suka kewaye ta. Auta ta juya fuskarta bango.

"Duk wanda ta tofar ba ya cikin lissafin kwana," Malama ta gaya wa Inna. "In ba ta sha ba, gubar tana nan a jikinta, ku ma kuna nan."

Inna ta ce, "To."

Rana ta takwas ko ta tara ce, Inna ta gyangyaɗa a zaune saboda gajiya, na zare Auta daga cinyarta na goya don ta samu ta miƙe. Na zagaya bayan ɗakin jinya, wajen da ban taɓa bi ba saboda ciyawa. Can na ji shi. Da farko a tafin ƙafata na ji, kafin kunne. Dum, dum, dum. Na bi ƙarar ta bayan tankin ruwa, sai ga rumfar kwano, manyan tukwane biyu a kan murhu, da mata uku a kan turmi ɗaya. Su ne ke dafa abincin da ake raba mana.

Babbarsu wata ƙatuwar mace ce mai wushirya da goro a kunci. Daga baya na ji 'yar Gummi ce, kowa na ce mata Gwaggo. Lugude suke yi, taɓarya uku na shiga bi da bi ba mai karo da wata. Gwaggo takan cilla tata sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta sauke daidai lokacinta. Tana ba da waƙa, biyun na amsawa. Waƙar mai gadi ce, wai shi ke gadin ƙofa, barci ke gadinsa, akuya ta shigo ta gaishe shi ta wuce. Na tsaya a jikin tanki na ƙame.

"Ke ɗiyag ga," Gwaggo ta ce ba ta daina daka ba, "mi kika kallo awa ba ki taɓa ganin gero ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ta magana?" in ji ta biyun, wata siririya.

"Tana yi," in ji Gwaggo. "Ai tana yi. Tara shi takai. Ran da ta buɗe baki duk sai mun gudu mun bar mata tukwane."

Suka kwashe da dariya, suka ci gaba. Ina shirin juyawa sai na ji wani abu a bayana. Diddigen Auta ne ke bugun ƙuguna. Kwana da kwanaki in na goya ta kamar buhun dusa take, duk inda aka ajiye ƙafarta nan take zama. Yanzu ga shi tana bugawa, ba daidai da taɓarya ba, amma kusa. Na riƙe numfashi don kada in ɓata.

Gwaggo ta gani. Ta tsayar da tata taɓaryar ta miƙo mini. "Taho nan. Wagga ta bayanki ta san turmi. Kama, mu ga ko hannun boko na iya wani abu ban da cin tuwo."

Na karɓa. Ta fi ta gidanmu nauyi, tsakiyarta ta yi sumul saboda hannu. Na saki ta farko a makare, ta bugi ta siririyar, suka yi mini shewa. Ta biyu ta shiga daidai. Ta uku ma. Gwaggo ta koma gefe tana tafi, ta sauya waƙa nan take, ta saka ni a ciki: ga 'yar boko ta zo da baki a aljihu, a ba ta gero ta rubuta masa wasiƙa. Ban san lokacin da na fara amshi ba. Muryata ta fito a shaƙe, ni kaina na ji ta baƙuwa, amma ba wanda ya waiwayo, don haka na ƙara ɗagawa. Gumi ya karyo mini. Katanga na nan inda take, taku goma daga rumfar, amma har muka gama surfen ban dube ta ba. Auta na sama da ƙasa a bayana, na ji ta ɗora kumatunta tsakanin kafaɗuna kamar yadda take yi wa Inna.

A nan Malama ta same mu, tana nemanmu da farantin magani. Ta buɗe baki za ta yi faɗa. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, sai na miƙa hannu na ɗauki cokalin. Na riƙe taɓarya da hannu ɗaya, ina ɗan dukan turmi a hankali, Gwaggo da matan suka ci gaba da waƙa, na kai cokalin ta gefen haƙarƙarina. Na ji Auta ta kama. Muka jira. Malama ta zagaya ta leƙa fuskarta, ta matsa mata kunci, ta duba zanen.

"Ta haɗiye," ta ce. "Wallahi ta haɗiye. Ta yamutsa fuska kamar tsohuwa, amma ya wuce."

"To, Malama, sai ki rubuta mu cikin likitoci," in ji Gwaggo. "Ni dai farar riga ba ta shiga ta, a ɗinka mini ta zanen gado."

Kwana uku muka yi a haka. Da hantsi suna surfe, bayan azahar suna daka garin tuwo, duka biyun sun zo daidai da lokacin magani. Malama takan kawo cokalin rumfa, ta tsaya ta ji baiti ɗaya ko biyu tana kaɗa kai, sannan ta yi alama a katin Auta. Ita tana zaton Inna ta sani. Inna kuwa tana zaton gindin dalbejiya nake kai ta, can ake ba ta. Ban gaya mata ba. Na san abin da kalmar turmi za ta yi mata, kuma ina tsoron a raba ni da wurin. Wannan na biyun ma gaskiya ne. Da safe in na farka, abin da nake fara saurara shi ne ko sun fara. Har gangar makaranta na daina hawa bulo saboda ita. A rana ta uku Auta ta yi wani sauti a bayana, "a, a, a," tana bin amshi. Siririyar ta ajiye taɓarya ta rangaɗa guɗa.

A rana ta huɗu hadari ya haɗo bayan azahar, Inna ta fito nemanmu da zane a hannu don a rufa wa Auta. Ba ta gan mu a gindin bishiya ba, sai ta bi ƙara. Ina tsakiyar daka, ina amshi da ƙarfi, na ɗago na gan ta tsaye a jikin tanki. Ba turmin take kallo ba. Kan Auta take kallo. Garin gero ya tashi ya sauka a gashinta da girarta, fari fat, kamar yadda ƙurar dutse ke yi mata a gida.

Ba ta yi ihu ba. Ta tako, ta kwance majanyin da hannunta, ta ɗauke Auta. Ta riƙa goge mata kai da hanci da bakin mayafi, tana gogewa tana sake gogewa har yarinyar ta fara kuka. Taɓaren duk suka tsaya.

"A gaya ma wasu," Inna ta ce, tana fuskantar tukwane, "kada a ƙara kawo min ɗiya bakin turmi."

"Haba baiwar Allah," in ji Gwaggo, muryarta ta yi laushi. "Gero na. Gero! Ba dutsi na ba. Shi kuka ci kullum. Dibi, ga shi a hannuna."

"Wancan ma haka anka ce. Ba komi."

Ta juya ta tafi. Na jingina taɓaryar da turmi na bi bayanta. Ruwa ya sauko kafin mu kai baranda.

Washegari da hantsi Auta ta datse haƙora. Bayan azahar ma haka. Na gwada goya ta a cikin ɗaki ina tsalle-tsalle a hankali, ina buga ƙafa, amma a gaban mata da yawa muryata ta ƙi fita, ita kuma ba ta yarda ba. Malama ta durƙusa gaban Inna ta yi mata bayani, ta ce garin hatsi ba ya cutarwa, turmin rumfa sabo ne, bai taɓa ganin dutse ba. Inna ta ce, "To." Na san wannan "to" ɗin. Ba ta motsa ba.

Kwana na biyu da aka sake tofarwa, Malama ta daɗe tana duban katin. Ta ce likita ya ce ba za a ƙara jira ba, in na gobe da hantsi bai wuce ba, za a sa mata roba ta hanci a riƙa zuba maganin ta nan. Akwai yarinya ɗaya a ƙarshen ɗakin da aka yi wa haka. An naɗe mata hannuwa da bandeji kamar dunƙulen fura don kada ta fizge robar, kuma tun da aka sa mata ban ga ta juya kai ta kalli kowa ba.

Na saci jiki na je rumfa ni kaɗai. Na tsaya ina murza bakin hijabina har Gwaggo ta gane abin da ya kawo ni.

"A'a, ɗiyata," ta ce. "Ni ba ni shiga tsakanin uwa da abin da ta haifa. In na tahi, kunyata za ta ji, ta ce to, ta ƙi. Ba turmina ɗiyar ga ka so ba, na gida taka nema. Ke kin san wa ka yi mata shi." Ta tura goro ɗaya kuncin. "Bakin nan da kika tarawa, na yaushe na?"

Na koma. Bayan la'asar ɗakin ya yi tsit, yawancin mata sun fita baranda shan iska. Auta na kwance a tabarma, Inna na zaune a inda ta saba. Can a rumfa aka sake fara daka, ƙarar na zuwa sama-sama ta tagar da gilashinta ya fashe. Yatsun Auta suka fara motsi a kan tabarma, tana buɗewa tana rufewa. Na dubi Inna ko ta gani. Idonta na kan bango. Amma babban yatsan ƙafarta, da ya leƙo ta ƙarƙashin zane, yana sauka yana tashi daidai da taɓarya ta uku, wadda ita ce tata in ana lugude a gidanmu. Da ta ankara sai ta ja zane ta rufe shi.

Tun da na yi wayo ban taɓa zama gaba da gaba da ita na nemi wani abu ba. Ta bakin Baba nake bi, ko ta bakin kakata. Babu ko ɗayansu a Anka. Na tashi, na zo na durƙusa a gabanta, kusa har ina jin warin sabulun asibiti a zanenta. Ta kau da kai gefe, kamar yadda ya kamata.

"Inna," na ce. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, matar tabarmar kusa ta waiwayo. Na rage murya. "Inna, ba sai an je bakin turmi ba. Ba gari, ba ƙura. Gobe in Malama ta kawo, ki goya ta nan cikin ɗaki, ki riƙa sunkuyawa kamar kina daka. Ni zan kifa ƙwarya in buga miki, in yi amshi, na iya yanzu. Don Allah ki yi mata waƙa. Kowace ce, ko baiti ɗaya."